Mu Sayi Waya Yadda Muke Sayen Shanun Noma

Bayan kaka, sa'ad da aka kai hatsi rumbu, aka sayar da waken soya da riɗi da barkono, kuɗi yakan ɗan zauna a aljihun manomi. A dā, a wannan lokaci ne mutum yakan sayi keke, ko rediyo, ko kwanon rufi. Yanzu kuwa abin da yake fara zuwa zuciyar mutane da yawa shi ne babbar waya, irin wadda ake shafawa, mai shiga intanet. Wannan ba laifi ba ne. Amma yadda muke sayenta shi ne abin da nake so mu duba tare, gama a nan ne gumin shekara guda yakan salwanta cikin minti goma.

'Yan'uwana manoma, ra'ayina shi ne wannan: mu sayi waya da irin hankalin da muke sayen shanun noma. Ba manomin da zai sayi bijimi da dare a bakin hanya daga hannun baƙo. Yakan je kara da rana tsaka, tare da wanda ya san dabba. Yakan duba haƙora da kofato, ya sa a kora san ya ga tafiyarsa, ya biya a gaban dillali da shaidu, ya karɓi takarda. Amma wannan manomi ɗin, in ya zo sayen waya, sai ka ga ya miƙa kuɗin buhunan masara ga yaron da ya tare shi a tasha, ba takarda, ba shaida, bai ma san sunansa ba. Lalle wannan ba daidai ba ne.

WAYA TA ZAMA KAYAN AIKI

Wayar salula ta GSM ta shigo ƙasar nan a watan Agusta na 2001, sa'ad da MTN da Econet suka fara aiki. Glo ya biyo baya a 2003. A kwanakin nan na farko, amfanin waya gaisuwa ne da aika saƙo. A shekarar 2012, lokacin da Dokta Akinwumi Adesina yake Ministan Aikin Gona, gwamnatin tarayya ta fara aika wa manoma saƙon karɓar takin zamani da iri ta waya. Daga nan manoma da yawa suka gane cewa waya ta shiga sahun fartanya da galma.

Yau da waya ake jin farashin hatsi a kasuwar Dawanau ko ta Saminaka kafin a ɗora kaya a mota. Da ita ake ɗaukar hoton ganyen da tsutsa ta ci a aika wa malamin gona. Da ita ake karɓar kuɗin amfanin gona, a biya kuɗin makarantar yara. Tun 2014 bankuna suka fara ba da lambar BVN, tun watan Disamba na 2020 kuma gwamnati ta ce lalle a haɗa kowane layin waya da lambar ɗan ƙasa, wato NIN. Ma'anar wannan ita ce, wayarka ta zama jakar kuɗinka, ta kuma zama shaidar ko kai wane ne.

Har wa yau abin ya yi tsada. Kusan dukan wayoyin da muke saya daga ƙasashen waje ake kawo su, saboda haka da darajar naira ta faɗi bayan watan Yuni na 2023, farashinsu ya hau. A watan Janairu na 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Abin da ya kai wannan tsada, kuma yake riƙe da asirin mutum haka, bai kamata a saye shi da gaggawa ba.

KA SAN ƘAUYENKA KAFIN KA JE KASUWA

Mai gonar jigawa da mai gonar fadama ba iri ɗaya suke shukawa ba. Haka yake ga waya. Tambaya ta fari ita ce: wane irin sabis ne yake kaiwa ƙauyenku, na wane kamfani kuma?

Za ka ji masu sayarwa suna ambaton 2G, 3G, 4G da 5G. Waɗannan hanyoyi ne da waya take magana da ƙarfen sabis ba tare da igiya ba. 2G ya isa kira da ɗan gajeren saƙo da aika kuɗi ta lambobin banki. 3G yana shiga intanet, amma a hankali. 4G, wanda ya fara yaɗuwa a Nijeriya daga 2016, shi ne yake ɗaukar hoto da murya da bidiyo ba wahala. 5G kuwa MTN ya fara shi a 2022, Airtel a 2023, yawancinsa kuma a cikin manyan birane yake. Wanda ya ƙara kuɗi masu yawa domin a ce wayarsa mai 5G ce, alhali a ƙauyensu sai an hau tudu ake samun sabis, ya biya kuɗin abin da ba zai mora ba. Ga yawancinmu waya mai 4G ta isa. Ka tambayi maƙwabta masu babbar waya, ka dubi alamar da take fitowa a saman fuskar wayarsu. In kamfani ɗaya ba ya kamawa sosai, ka nemi waya mai layi biyu.

Akwai kuma waifai da bulutut. Mutane da yawa suna tsammani waya mai waifai tana ba da intanet kyauta. Ba haka ba ne. Waifai hanya ce kawai ta haɗa waya da wata na'ura da take kusa, kamar cikin gida ɗaya ko makaranta ɗaya, dole ne kuwa wani ya biya kuɗin datar da take bi ta ciki. Amfaninsa shi ne, mutum ɗaya zai iya sayen data ya raba wa 'yan gidansu ko 'yan ƙungiya daga wayarsa. Bulutut kuwa na kusa-kusa ne, misalin mita 10, ana tura hoto ko murya da shi daga waya zuwa waya ba tare da an kashe ko kwabo ba. Dukansu biyu suna da amfani a ƙauye, saboda haka a tabbata suna aiki kafin a biya.

Inda babu wutar lantarki, batir ya fi kyamara muhimmanci. Ana rubuta ƙarfinsa a jikin kwali, yawancin sababbin wayoyi masu matsakaicin farashi kuwa suna da 5000 mAh. Wanda yake biyan kuɗin caji kowace rana a shago ya san amfanin wannan.

Sa'an nan a kula da shekarun wayar. Waya takan tsufa ta ciki ko da jikinta yana ƙyalli. A watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan wayoyin da Android ɗinsu bai kai 5.0 ba, irin wannan yankewa kuma takan sake faruwa lokaci lokaci. Manhajojin banki ma haka suke yi. Tsohuwar waya ƙwarai, kome arahanta, kwananta kaɗan ne.

A INA, A HANNUN WA?

Ka sayi waya a shagon da yake da ƙofa da suna, inda za ka koma gobe ka tarar da mai shi. A manyan kasuwannin waya kamar Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, akwai 'yan kasuwa masu gaskiya da yawa. Haɗarin yana wurin masu tsayawa a bakin hanya, waɗanda suke jan hannun baƙo suna cewa, "Zo, ina da mai araha." Wata tsohuwar dabararsu ita ce su nuna maka waya mai kyau, ku gama ciniki, sa'an nan a wajen naɗewa su musanya ta da lalatacciya, ko da wani abu mai nauyinta. Wayar da ka gwada kada ta sake barin hannunka.

Haka kuma kada ka aika kuɗi domin ka ga hoton waya a Facebook ko WhatsApp. Cinikin biri a sama ke nan. Wanda ya ce sai ka fara tura rabin kuɗi kafin ya sa a mota, ka bar masa kayansa.

Akwai jabun wayoyi kuma, masu kama da na manyan kamfanoni a suna da jiki. Irinsu sukan nuna babbar ma'ajiya a rubuce, amma hoto kaɗan ya cika su. NCC tana gwada kowane irin waya kafin ta yarda a sayar da shi a ƙasar nan, tana kuma buga jerin waɗanda ta amince da su a shafinta na intanet. Ɗalibi mai waya zai iya duba maka. Wata matsalar ma ba a ganinta da ido. A 2020 masu bincike sun gano dubban wayoyi masu araha a ƙasashen Afirka, har da Gana da Kamaru, waɗanda suka zo da ɓoyayyiyar manhaja mai cinye data da kuɗin kati ba da sanin mai waya ba. Wanda ya saya a sanannen shago yana da inda zai kai kuka. Wanda ya saya a tasha fa?

A DUBA HAƘORA

Kada ka tafi kai kaɗai. Ka tafi da wanda ya iya karatu, ya kuma san waya, ko da ɗanka ne ko 'yarka. Ku tafi da rana, da layinka a hannu. Ga abin da za ku yi kafin kuɗi ya fita daga aljihu:

1. Ku danna *#06#. Lamba mai alƙaluma 15 za ta fito, sunanta IMEI. Kamar shaidar da ake yi wa saniya take, kowace waya da tata. Waya mai layi biyu tana da biyu. Ku gwada ta da wadda take jikin kwali. In sun saɓa, ku ajiye wayar ku tafi.

2. Ka sa layinka, ka kira wani, ku ji juna sarai. Ka gwada ramin layi na biyu shi ma. Waɗansu wayoyin gwanjo da ake kawowa daga Amurka ko Ingila a ɗaure suke da kamfanin can, ba su karɓar layinmu. Waɗansu suna karɓa, amma ba su kama 4G na kamfaninka, gama ba domin ƙasarmu aka ƙera su ba. Ka kunna data ka ga alamar da idonka.

3. Ku kunna waifai, abokin tafiyarka ya raba maka data daga wayarsa, ku ga ko ta haɗu. Ku tura hoto ɗaya ta bulutut.

4. Ku sa ta a caji ku ga tana ɗauka. In bayanta ya kumbura, ko gilashin ya ɗago, ko ta yi zafi ƙwarai cikin 'yan mintoci, batirin ya lalace. Kumburarren batir yana iya kama wuta, ɗakin ciyawa kuwa ba ya wasa da wuta.

5. Ku shafa kowane lungu na gilashin, ku ɗauki hoto gaba da baya, ku ɗauki murya ku saurara.

6. In wayar gwanjo ce, mai ita ya cire asusunsa na Google, ko na Apple in iPhone ce, a gabanka. Sa'an nan a share wayar duka, a kunna ta daga fari, ka ga ta buɗe ba ta nemi sunan kowa ba. Kamfanonin sun sa wannan kulle ne domin maganin ɓarayi, Apple tun 2013, Google tun 2015. Wanda ya ce ya manta lambar sirrinsa, "amma masu gyara za su buɗe maka," ka yi shakkar wayar tasa ce.

7. Ka tambaya ko an gama biyan kuɗinta. Yanzu akwai kamfanoni masu ba da waya bashi, ana biya kaɗan-kaɗan. In an daina biya, suna iya kulle wayar daga ofishinsu. Wani yakan karɓi irin wannan ya sayar, bayan mako biyu ta kulle a hannun wanda bai ci bashin kowa ba. Ka nemi takardar da ta nuna an gama biya.

TAKARDA DA SHAIDA

Wannan shi ne mafi nauyi cikin dukan abin da na faɗa. Ka karɓi rasit mai sunan shago da adireshi, da kwanan wata, da irin wayar, da lambar IMEI, da kuɗin da ka biya. In daga hannun mutum ka saya, ku rubuta takarda, ya sa sunansa da lambar wayarsa da hannunsa, shaidu biyu su sa nasu. Ka ajiye rasit da kwali a inda kake ajiye takardar gona.

Ga dalili. Duk lokacin da ka sa layi a waya, kamfanin sadarwa yana ganin lambar IMEI tare da lambar layin. Layinka kuwa a haɗe yake da NIN ɗinka. Idan wayar ta sata ce, 'yan sanda suka bi sawunta, ƙofar gidanka za su ƙwanƙwasa, ba ta ɓarawon ba. Dokar Final Kot, wadda Arewa take aiki da ita tun 1960, ta ɗauki karɓar kayan sata laifi ne ga wanda ya sani, ko yake da dalilin zaton na sata ne. Babbar waya a rabin kuɗinta, ba kwali, ba caja, ba rasit, ai dalilin zato ke nan. Banza ba ta kai zomo kasuwa. In kuwa an ji wa mai wayar rauni, ko an kashe shi wajen ƙwacewa, maganar ta wuce ta waya. Za a fara tambaya daga wanda aka same ta a hannunsa, a tsakiyar damina ko a rani, gonarsa kuwa ba za ta jira shi ba.

Ko da ba a kama kowa ba, mu tambayi zuciyarmu. Muna jin labarin ƙwacen waya a biranenmu, yadda ake sukar ɗalibai da ma'aikata da wuƙa saboda abin da yake aljihunsu. Waɗansu cikinsu 'ya'yanmu ne da muka aika karatu. Yaran da suke wannan aiki suna yi ne domin sun san akwai mai saye. Ran da masu saye suka ƙi, kasuwar ta mutu. Abokin ɓarawo ɓarawo ne, ko da bai taɓa riƙe wuƙa ba.

Rasit yana da wani amfani kuma. Sabuwar waya takan zo da garanti, yawanci na shekara ɗaya. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai ƙera Tecno da Itel da Infinix, yana da wuraren gyara masu suna Carlcare a birane da yawa. Waɗansu kamfanonin ma suna da nasu. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye ikon mayar da kayan da aka same su da aibi. Amma duk inda ka je, abin da za a fara tambayarka shi ne takarda.

ABIN DA WAƊANSU ZA SU CE

Wani zai ce, "Malam, kai mai albashi ne. Mu talakawa ba mu iya sayen sabuwa." Gaskiya ne kuɗi ya yi wuya. Ban kuwa ce kada a sayi gwanjo ba. Tsohon sa mai lafiya yana huɗa. Abin da na ce shi ne a gwada, a kuma rubuta. Gwaji ba ya cin kuɗi, takarda da biro ma haka. In kuwa kuɗinka bai kai na babbar waya mai asali ba, ƙaramar waya mai maɓalli, sabuwa, da rasit ɗinta, ta fi maka. Za ta yi kira, ta aika kuɗi, ta kama rediyo, cajinta ya yi kwanaki. Ka jira kaka mai zuwa.

Wani kuma zai ce, "Ai ɗan'uwana ne ya sayar mini, in nemi takarda zai ga kamar ban yarda da shi ba." Ai ko gona ɗan'uwa ya sayar maka, akan kira dattawa su shaida, ba wanda yake jin haushi. Mai yiwuwa ne shi kansa bai san asalin wayar ba. Takarda tana tsare ku duka biyu, tana kuma tsare zumunci ran da magana ta tashi.

Wani zai ce birni da nisa, kuɗin mota ma ya isa. To, a nan ne ƙungiya take da amfani. Yadda muke haɗa kuɗi mu sayo taki da maganin feshi a tare, haka za mu iya yi da waya. Mutum biyar ko shida su haɗu, a zaɓi amintattu biyu, ɗaya ya san waya, su tafi shago ɗaya. Za a raba kuɗin mota, mai shago zai rage farashi, zai kuma ji nauyin cutar mutanen da ya san za su dawo. Ƙungiyoyin mata masu adashi su ma su yi haka, gama sau da yawa mata ne ake kawo wa wayar da ba su ga inda aka saye ta ba.

IN AN KAWO TA GIDA

Abu uku kaɗai zan ƙara. Na ɗaya, kada ka sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani. Ka je da kanka a yi maka da NIN ɗinka. Na biyu, ka sa lambar sirri a wayar, ka sa a layin ma, gama ɓarawo yakan cire layi ya sa a wata waya ya nemi hanyar asusunka na banki. Kada ka ba mai caji ko mai gyara lambar bankinka, kada kuma ka faɗa wa wanda ya kira ya ce daga banki yake. Na uku, ka rubuta lambar IMEI a littafi. In wayar ta ɓata, ka sanar da bankinka da kamfanin layinka nan da nan su rufe, sa'an nan ka kai lambar wurin 'yan sanda. In kana da ƙara a kan kamfanin layi ba su saurare ka ba, NCC tana da lambar 622, kiranta kyauta ne.

Shugabannin ƙungiyoyin manoma, ina roƙonku ku karanta wannan a taronku na gaba, kafin a fara kai amfanin gona kasuwa. Ku sa kowa ya danna *#06# a wayarsa, ya rubuta lambar a wurin. Ku zaɓi saurayi ko budurwa mai hankali wanda zai riƙa raka masu sayen waya. Mun sha rana kafin kuɗin nan ya zo hannunmu, kada mu bari ya tafi a banza. Allah ya sa albarka a abin da muka noma.